Gidan da Aka Toshe wa Numfashi

Velimir magini ba ya yarda da abin da idonsa ya gani a jikin bango sai kunnensa ya ji. Yakan juya guduma ya ƙwanƙwasa da ƙotar, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa. Shekararsa sittin da bakwai. Tara daga ciki a Jamus ya yi su yana zuba kankare, ya dawo ƙauyensu na bakin kogin Tisa da jar mota da imani guda: siminti maganin komai ne. Tun daga nan sunansa ya koma Siminti, har limamin coci haka yake kiransa.

Ranar Talata da hantsi ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Iya Desanka. 'Yarta Zorka ce ta kira shi, don laima ta cinye wurin, fumfuna ta hau gangunan kabeji, warin har cikin ɗakin kwana. Budimir, ƙanin marigayiya matarsa, yana biye da shi da fitila da diga, yana haki kamar shi ya ɗauko gidan.

Velimir ya ƙwanƙwasa bangon gabas. Ƙau, ƙau. Ya matsa kusurwa. Ɓuf.

"Wannan ba bango ba ne," in ji Budimir, "tumbina ne bayan cin wake."

"Rufe min baki, haska nan."

Velimir ya sa bakin diga ya ɓamɓare yaɓen siminti, faifai guda ya faɗo. Abin da ke baya ƙasar gini ce ta kakanni, amma ta jiƙe sharkaf. Ya tura yatsa, yatsan ya shige har gindi. Ya tura hannu, ya damƙo ta kamar ƙullin burodi. A kan wannan kusurwar babban gungumen da ke ɗauke da daɓen sama ya ɗora kai. Suna tsaye sai gungumen ya yi ƙara, siririya, doguwa, ƙura ta zubo cikin hasken fitila.

Budimir ya daina dariya. "Me ke saman nan?"

"Gadon tsohuwa."

"Siminti, ashe simintin ne kaɗai ke riƙe da shi. Kai kuma ka cire."

"Tafi mota ka kwaso ƙarafan tokara. Da gudu, ba da tafiyar agwagwar nan taka ba!"

Velimir ya hau matakala bibbiyu, gwiwoyinsa na kuka. Zorka na kicin tana dafa kofi.

"Zorka, kashe wutar nan. A fitar da mahaifiyarki yanzu."

"Kawu Velimir, shekara uku ba ta sauka gadon nan ba, tun da ƙugunta ya karye. Likita ma ta kore shi da sanda."

"Yau za ta sauka."

Iya Desanka na kishingiɗe da baƙin ɗankwali, sandarta a gefe. Shekara casa'in ba ɗaya, amma kunnenta ras. A bangon da ke bayan kanta wata tsaga ta fito, siririya kamar zare, ta taso daga ƙasa ta kai tsayin ƙugu.

"Na ji ka tun kana ƙwanƙwasa min gida," ta ce. "Me ka gano?"

"Iya, kusurwar ta ruɓe. Mu kai ki tsakar gida ki sha iska."

"Ta ruɓe. Shekara ɗari da ashirin tana tsaye, sai yau ta ga dama ta ruɓe? Me ya ruɓar da ita?"

"Ruwan kogi ne. Ƙasa ta sha ruwa bana."

"Kogin jiya aka haƙa shi?"

A ƙasa ƙarfe ya bugi ƙarfe, Budimir na zagin uban wata ƙusa. Velimir ya dubi tsagar. Ta wuce inda ya gan ta.

"Iya, don Allah, ba lokacin magana ba ne."

"Ni ina da lokaci. Wa ya shafe ɗakin ƙasan nan da siminti, bango da daɓe, shekarar da aka yi auren Zorka?"

Ta nuna shi da sandarta.

"Na tsaya a kan matakalar can na ce maka surukina da farar ƙasa yake shafa shi kowace bazara. Na ce bulon daɓen a kan yashi ya jera su, don ƙasa ta riƙa fitar da guminta. Na ce kar ka toshe 'yar tagar nan ta arewa. Me ka ce min a gaban mijina da ma'aikatanka?"

"Mama, ki bari mana!" Zorka ta kama hannunta.

"Sake ni. Ya faɗa."

Velimir ya ce, "Na ce ki koma kan tukunyarki."

"Sai aka yi dariya. To tukunya ta ce ba ta motsawa sai ta ji wa ya kashe mata gida."

Daɓen ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Kofin ruwan da ke kan teburin gado ya soma zamewa da kansa, a hankali, ya nufi bango.

"Siminti!" Muryar Budimir ta taso daga ƙasa. "Tokara ɗaya ta shiga, ta biyun ta ƙi! Gungumen na saukowa a kaina!"

Velimir ya cire hula. Bai dubi Zorka ba.

"Ni ne, Iya. Ruwan ya rasa hanyar fita, ya hau bango. Ke ce da gaskiya. Aikina ne ya ruɓar da shi."

Tsohuwa ta dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ta miƙa wa 'yarta sandar.

"Ku kama ta katifa. In kuka gwara min ƙugu a bakin ƙofa, na fasa."

Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ya fi komai ba shi tsoro. Suka fito da ita ta baranda suka shimfiɗe ta a gindin bishiyar goro mai ɓawo, ta rufe ido saboda rana. Velimir bai tsaya ba, ya juya ciki.

"Kawu, kar ka shiga!"

Ya riga ya sauka. Budimir ya sa kafaɗa a jikin ƙarfen, fuskarsa ta yi jawur, ƙafar ƙarfen na nutsewa cikin taɓo. Velimir ya fizgo murfin gangar kabeji, katako mai kauri, ya cusa a ƙarƙashi. Suka kama hannun murɗa ƙarfen su biyu. Juyi ɗaya. Juyi biyu. Ƙasar kusurwar ta sulalo ta rufe musu takalma. Juyi na uku gungumen ya yi gurnani, ya zauna a kan ƙarfe, ya yi tsit.

Suka saki ƙarfen.

"Yayata ta mutu ba ta taɓa jin 'ke ce da gaskiya' daga bakinka ba," Budimir ya ce yana share gumi. "Har nan ƙasa na jiyo ka."

"Ka ji ƙarar katako ne."

Da Velimir ya fito, taɓo har gwiwa, Iya Desanka ta buɗe ido ɗaya.

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Iya. Amma ɗakin ba zai kwantu ba sai bayan wata biyu. Zan ɗaure kusurwar da jan bulo, in fasa daɓen duka."

"Zorka, ba su kofi," ta ce. "A kai gadona kicin, in riƙa jin me suke yi."