Kifin da Na Ɗauka Tarwaɗa ce a Gindin Gada

Har gobe ban manta da ranar da na fito daga ruwa da kifi maƙale a babban yatsana ba, kuma ranar jarrabawata ce. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ta tambayata tabon nan, to ku saurara.

Watan Yuni ne, a farkon shekarun 2010, shekarata ta huɗu a kamfanin da muke duba ƙafafun gadoji a Maryland. Aikin shi ne injiniya ya nutse ya duba ginshiƙan da ke cikin ruwa, ko siminti ya tsage, ko ruwa ya kwashe ƙasar gindinsu. Mai nutso yana sa kwalkwali mai rediyo, ana tura masa iska ta tiyo daga jirgi. Mutum ɗaya yana riƙe tiyon, shugaba kuma tana zaune gaban rediyo tana rubuta abin da aka faɗa mata. Ruwan wajen laka ne zalla, ko tafin hannunka ba ka gani. Da lalube ake komai, kuma doka ta ce ba a cire safar hannu, ko da wasa.

Ranar za a gwada ni a ba ni shugabancin tawaga. Shekara biyu ina jiran wannan nutson. Don tsabar tabbacin zan ci, har na gayyaci mutane walima gidana a Laurel, maiɗakina ta je Wheaton ta kwaso naman rago. Mai gwajin Madam Linda ce, tsohuwar sojar ruwa, ba ta dariya sai da dalili. Mai riƙe min tiyo Oga Bitrus ne, mutumin Jos, ya girme ni da kusan shekara goma, kullum "Basarke" yake kirana.

Ai kuwa Basarke ne ni, jinin masunta. A Yauri na tashi, tun ina ɗan shekara bakwai nake lalube a bakin kogi. Ka zura hannu a rami, in ka ji tarwaɗa ka cusa mata babban yatsa a baki, ka damƙe haɓar, ka fizgo. Ba ta da haƙorin kirki.

Na sauka lafiya, zurfin ƙafa ashirin da 'yan kai. Ginshiƙi na ɗaya, na biyu, ina ta zuba rahoto kamar mai karanta labarai. A na uku na ji wani rami a gindin simintin. Na so in san gefensa sabon karyewa ne ko tsohon cin ruwa, amma safar ta yi kauri, ba na jin komai. Wallahi ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na zare ta, na tura a aljihu, na zura hannu.

Sai na ji abu. Santsi, babu ɓawo, kai mai faɗi, ga 'yan gashin baki. Jama'a, don murna na ce a raina ga tarwaɗa! Na manta Amurka nake, na manta jarrabawa. Na yi shiru kamar yadda ake yi a gida, na lallaɓa, na cusa masa yatsa a baki.

Inna lillahi! Kamar an datse min yatsa da ƙofar mota. Na ja, ya ƙara matsewa, yana wani gurnani da nake ji har cikin kwalkwalina. Na kurma ihu da Hausa: "Wayyo Allah! Tarwaɗar nan tana da haƙori! Bitrus, ja ni!"

Madam tana ta kiran sunana a rediyo, ni kuwa Turancina ya gudu. Oga Bitrus ya jawo ni a hankali yadda ƙa'ida ta ce, na kama tsanin jirgi da hannu ɗaya, na ɗago ɗayan sama, ga kifin nan yana reto. Mummuna, ƙatta-ƙattan idanu, baki har kunne, tsawonsa bai fi zira'i ba. Mutanen wajen kifin kwaɗo suke ce masa. Da haƙoran nan yake fasa ƙaguwa, kuma a watannin zafi namijin yana gadin ƙwai a rami. Wato gidansa na shiga har ɗaki. Sai da aka sa masa sukuddireba aka ɓanɓare bakin, aka mayar da shi ruwa.

Oga Bitrus yana ɗaure min yatsan, dariya na cinsa, ya raɗa min, "Basarke, ka ce kifin ne ya tuɓe safar. Ba wanda ya gani."

Madam ta zo ta tsaya a kanmu, ta tambaye shi me na faɗa da yarenmu. Ya ce, "Addu'a yake yi, Madam." Ta juyo gare ni.

"Ina safarka, Haruna?"

Tana cikin aljihuna, a naɗe tsaf. Na tuna naman rago, na tuna shekara biyun nan, zuciyata na cewa ka bi ta Bitrus mana. Amma na ciro ta na miƙa mata, na faɗi komai, har da Yauri. Ta saurara har ƙarshe, har ta ɗan murmusa, na ce shi ke nan na tsira. Sai ta ce, "Ba ka ci ba. Wata shida ba za ka shiga ruwa ba, tiyo za ka riƙe."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ɗinki biyar aka yi min a asibiti. Walima kuwa ba a fasa ba, aka cinye naman tas, kowa ya shigo sai ya ce, "Ina Sarkin Ruwa?" Har yaran da ba sa jin Hausa sun koyi kalmar tarwaɗa.

Ina ganin zalunci aka yi min, sai makon da na fara riƙe wa wani tiyo. Yana ƙasa yana magana, can sai ya yi ɗif. Ba na ganinsa, ban san me hannunsa yake yi ba, tiyo kawai nake ji yana motsi a tafina. Na kira shi, shiru. Na tuna yana da 'ya'ya uku. Bai fi minti ɗaya ba ya amsa, ashe awo yake yi, amma a wurina kamar awa guda aka yi.

A nan na gane aikin nan. Wanda ke sama ba shi da ido sai bakinka, kuma duk abin da ka yi a ɓoye a ƙasa, shi ka bari da shi. Da muka dawo gaɓa na sami Madam tana naɗe waya, na ce mata ta yi daidai da ta kayar da ni. Ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Na sani. Saura wata biyar da sati uku."