Tsatsa a Gonar Isiyaku

'Yardada ta shekara talatin tana yin alkaki a Madabo. Ba ta taɓa sayen alkama a kasuwa ba. Ƙanenta Isiyaku ne ke noma ta da rani a Kadawa, ya aiko mata, ta kai inji a ɓarza.

Wata Talata da hantsi Isiyaku ya faɗo gidan ba ko waya. Farin wandonsa ya yi jajir har gwiwa. 'Yardada ta saki matsamin da ke hannunta.

"Innalillahi! Hatsari kuka yi?"

"Ba jini ba ne, Yaya. Daga gona nake." Ya zaro ganyen alkama daga leda, duk ya feso da ƙuraje. Tana taɓawa wani jan gari ya manne mata a yatsu. "Tsatsa ce. Cikin kwana goma ta ci rabin gonar."

"Buhun da ka aiko makon jiya fa?"

"Na gefen da na fara yanka ne. Can ma ta ɗan taɓa."

Da wannan alkamar ta yi alkakin sunan da aka kai gidan Goni Umar jiya, gida cike da yara, ga mai jego.

Ta figi mayafi ta nufi gidan Goni a Ƙofar Mazugal, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Tun daga zaure ta jiyo ihun yarinya, ta faɗa ciki da gudu. Ashe kitso ake yi wa yarinyar.

"Hajiya, ina alkakin?" ta tambayi Safiya, matar Goni.

"Ai tun jiya ya ƙare, har maƙwabta sun samu. Lafiya?"

Nan take ta faɗi gaskiya. Mai jego ta cire jaririn daga nono.

Goni ya kira ɗan wansa Nazeer, malamin gona, ya buɗe wayar kowa na ji.

"Baba, cutar shuka ce, ba ta kama mutum. Tsabar kawai take tsotsewa."

Duk da haka kwana uku 'Yardada tana zarya gidan, tana shafa goshin yara. Babu wanda ko kansa ya yi ciwo.

Da aka gama girbi tsabar ta fito a motse, abin tausayi. Nazeer ya samo wa Isiyaku irin da ke jure cutar. A wannan shekarar 'Yardada ta ba masu gara da yawa haƙuri, ta koma tuyar ƙosai har sabuwar alkama ta iso.