Baba Arzika Ya Kai Kaya

Baba Arzika direba ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni ina tsaye a tsakiyar shagona. Kuma wallahi kafin wayar ta shigo, jikina ya riga ya yi sanyi saboda abin da na tarar. Zan faɗa muku, amma ku bari in fara gaya muku ko shi wane ne.

Duk wanda ya san shagona na kwamfuta a unguwar Runjin Sambo ya san tsohon nan mai farin gemu da ke zama a kujerar lungu. Shi ne. Tsohon direban tirela, ya ci ƙuruciyarsa yana kai shanu Kudu daga kasuwar Kara.

Ni ban wuce sakandare ba, kuma ba wanda ya ɗora ni. Da tebur guda na cajin waya na fara. Amma injin fotokwafina na farko, a gaban motar Baba ya zo daga Ikko, lulluɓe da bargonsa na kwana. Ya sauke shi da kansa ya ce, "Ga amaryarka nan, Manaja, ko ƙwarzane babu."

Tun ranar nake Manaja a bakinsa. Lokacin ko ƙofa shagon bai da ita.

Bayan ya bar tuƙi, kullum da yamma sai ya biyo, da ɗan ƙullin kilishi ko goro, ya aje mini a kan tebur.

Wata rana ya tarar ina buga gem ɗin tseren motoci, irin na burauza ɗin nan da ba sai ka sauke komai ba, ka buɗe shafi kawai ka kama gudu da maɓallan kibiya. Ya tsaya a bayana yana kallo. Na shiga kwana da gudu na daki bango.

Ya ce, "Subhanallahi! Wa ya ba ka lasin? Tashi, tashi, ka kashe mutane."

Na tashi ina dariya. Ya zauna, ya gyara hula, ya karanta addu'ar hawa mota cikakkiya, sannan ya ɗora yatsa a kan kibod.

Jama'a, ban taɓa ganin mai buga gem kamarsa ba. Hannunsa na dama yake bi, ba ya saki. Ba ya wuce mota a kwana. In ya hango gangara sai ya rage gudu tun daga nesa. Sauran motocin su yi fuuu su bar shi, ko a jikinsa.

Na ce, "Baba, tsere fa ake yi."

Ya ce, "Waɗanga ba su ɗauko komi ba, shi ya sa su ka rawar kai. Ni shanun mutane ag gare ni baya."

Amma akwai abu guda. A hanyar da yake bi cikin gem ɗin, dab da ƙarshe, akwai wata doguwar gada a kan ruwa. Kana ƙetare ta sai layin gamawa. Baba bai taɓa hawa gadar nan ba.

Da ya iso bakinta sai ya janye hannuwansa ya aje a cinya. Motar ta tsaya. Ya ƙura wa allon ido, ya ce a hankali, "Haliru, sauko."

Sannan ya juyo. "Kashe ta, Manaja."

Haka kullum. Na daɗe ban tambaya ba, don yadda fuskarsa ke komawa.

Ranar da na tambaya, ya gaya mini. Haliru ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke zama can saman tirela a kan katako, yana lura da shanu, in wata ta faɗi ya tada ta kada 'yan uwanta su tattake ta. A kan wata gada a hanyar Kudu tayar gaba ta fashe. Baba ya riƙe motar, ba ta faɗi ba, ko saniya guda ba ta mutu ba. Amma da ya sauko ya ɗaga kai, babu Haliru a sama. Ruwa ya tafi da shi. Ba a ga gawa ba.

A nan bakin gadar ya bar motar. Wani direba aka turo ya ƙarasa da ita. Bai sake riƙe sitiyari ba.

Ya ce mini, "Direban da bai kai kaya ba, Manaja, ko shina kwance bisa gadonai, bisa hanya shike. Ni har yau ban sauka ba."

Daga ranar na daina yi masa dariya. Na sha cewa, "Baba, daure ka haye, ko sau ɗaya." Sai ya girgiza kai ya ce ba a ba shi hanya ba.

Jiya ya zo a makare, rana ta yi ja. Fararen kaya, sabon aski, yana ƙamshin turare kamar mai zuwa Idi. Na ce, "Baba, ko amarya za a ƙara ne ba mu sani ba?" Ya ce, "Kai dai buɗe min mota."

Ya yi addu'arsa, ya kama hanya. Da ya iso gada, na miƙa hannu zan rufe shafin kamar yadda muka saba. Sai ya riƙe mini wuyan hannu. Tafinsa sanyi ƙalau, ga garin da zafi.

Ya ce, "Bari. Yau ya ce in wuce."

Na ce, "Wa?"

Ya saki hannuna. Ya hau gadar a hankali, leɓɓansa na motsi. Abin da na lura, ba hanya yake kallo ba. Sama yake kallo, saman allon, inda babu komai sai zanen gajimare. Har ya ƙetare.

Na yi tsalle na ce, "Baba, ga layi can! Taka!"

Daidai nan aka kira magariba. Sai ya gangara gefen hanya, ya tsayar da motar tsaf, layin yana gabansa kaɗan.

Ya ce, "Ba a shiga gari da magariba. Bar min ita nan, kak ka kashe. Da asuba ni ka ƙarasawa."

Na ce, "Baba, wane shago ke buɗewa da asuba?"

Ya yi murmushi. "Kai dai bar ta."

Na bar ta. Sola gare ni, kowa ya san wuta ba ta yankewa a shagona. Na kulle da kwaɗo biyu, makullan a aljihuna suka kwana, kuma ba wanda ke da irinsu.

Da safen nan na buɗe, kwaɗunan yadda na bar su. Ƙamshin turarensa na nan. Allon kwamfutar lungu a kunne, ɗan kiɗan nan na gamawa yana ta maimaita kansa.

Motar ta wuce layi.

Agogon gem ɗin, wanda ya kwana yana ƙirga, ya tsaya. Na lissafa daga lokacin da Baba ya tada mota jiya. Lissafin ya faɗo a kan asuba.

Ina tsaye a nan wayar Bello ta shigo, babban ɗansa. Ya ce Baba ya dawo daga masallaci da asuba, ya zauna a kan tabarma da tasbaha, ya ce, "Alhamdu lillahi, mun sauka lahiya." Suka ɗauka wasansa ne na direbobi. Da aka kawo masa koko, ya riga ya cika.

Ni ba mai camfi ba ne, da kwamfuta nake ci. Na san ɓera na iya taka maɓalli, na san tsaka na iya faɗowa daga silin. Na duba, ban ga alamar ko ɗaya ba. Abin da na gani na faɗa, sanin gaibu sai Allah.

Mun kai shi makwanci da hantsi. Na dawo na zauna a kujerarsa, na yi bismilla, na rufe shafin da hannuna. Wannan karon ba sai ya ce in kashe ba.

Ya Allah, bawanka Arzika ya riƙe amanar dukiyar mutane a kan hanya, Ka riƙe shi da rahamarKa. Ka haskaka kabarinsa, Ka ƙetarar da shi siraɗi ba tare da fargaba ba, Ka sada shi da Haliru a inda ruwa ba ya raba 'yan uwa. Ka ba Bello da ƙannensa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ka wuce da gudu. Tsaya gefe kamar yadda Baba ke yi, ka yi masa addu'a, ka haɗa da Haliru.

Sannu da hanya, Baba. Ka kai kaya.