Gawayin Gwaggo da Sigarin Lantarkina

Duk wanda ya ba ku labarin sigarin lantarkina a unguwarmu bai san komai ba. Wasu sun ce ƙawayen sakandare ne suka lalata ni. Wasu sun ce waya ce, wai na ga 'yan matan Jidda suna busa hayaƙi a bidiyo na ce ni ma sai na yi. Matar da ke bene na ƙasa har cewa ta yi aljani ne. Babu ƙawa, babu waya, babu aljani. A falonmu na koyi hayaƙi, kuma Gwaggo ce malamata.

Gwaggo yayar Babana ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, can bayan unguwar Anbariyya a Madina, da akwatuna biyu da shisharta mai koriyar kwalba. Kowace Alhamis bayan la'asar mata suna taruwa wajenta, su biyar ko shida, wasu haihuwar Madina kamar mu, wasu daga Cadi da Sudan. Gahawa, dabino, gulma, shisha. Aikin tada shishar kuwa na ƙaramar gida ne, kuma ni ce auta. Ina da shekara goma sha uku aka miƙa mini awartakin gawayi.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka ɗora wuta ne kawai. A'a. Za ki cusa mu'assal, tabar nan mai danƙo da ƙamshin tuffa, ki rufe da takardar alminiyam, ki huhhuda, ki gasa gawayi sai ya yi jawur. Sannan ki ja. Ki yi ta ja har hayaƙin ya yi kauri, don babbar mace ba ta karɓar shisha mai sanyi. Gwaggo takan ce, "Ja mini ta kama, ya binti, ƙirjina ba ya ɗaukar jan farko." Nata ƙirjin ba ya ɗauka. Nawa, na 'yar shekara sha uku, shi ne na ƙarfe.

Shekara goma ina wannan aikin. Alhamis ta koma kullum, don ko babu baƙi Gwaggo sai ta sha. Jan farko ya zama ja goma, ya zama ina ɓata lokaci a kicin da gangan. Ban san na kamu ba sai da ta tafi Khaibar wajen 'yarta lokacin yankan dabino, ta tafi da shishar. Kwana huɗu kaina yana sarawa, na yi faɗa da kowa har da kyanwa.

Sai tari ya zo, na asuba, mai cire abu. Wata rana muka taka daga Harami zuwa masallacin Kuba da maƙwabta, tsohuwa mai jikoki ta wuce ni tana tasbihi, ni kuwa na jingina da bango ina neman numfashi kamar wadda aka shaƙe. A asibitin unguwa likita ta saurari ƙirjina ta ce, "Kara nawa kike sha a rana?" Na taso mata da masifa, na ce ban taɓa riƙe sigari ba. Ta ce, "Shisha fa?" Na ce ita kam kullum. Ta ce in ban daina ba wannan numfashin ba zai dawo ba, ƙaruwa abin zai yi. Ta ba ni takardar wurin da ake taimaka wa masu son barin taba, na cusa a jaka na manta.

Ku ji da kyau, likita ba ta ce in sayi na lantarki ba. Da na tambaye ta ma cewa ta yi shi ma ba tsarkakakke ba ne. Shawarata ce ni kaɗai. Na gwada dainawa haka kawai, na kasa. Ta yaya za ki daina abin da ke ce mai hura masa wuta kullum? Na ce bari in nemi abin da zan riƙa ragewa da hannuna, kaɗan kaɗan, har in sauka.

A cikin iyakar harami ba a sayar da kayan taba, sai an fita. Na ɗauki tasi bayan azahar, lokacin da zafi ya kwantar da kowa, har wani kanti a hanyar da ta nufi Badar. Mai kantin ya duba katin shaidata ya ga shekaruna, sannan ya ce, "Na maigida ne, ya ukhti?"

Na ce, "Ka ga maigida a nan? Nawa ne."

Ya jera mini sigarin lantarki kala uku. Na farko ƙato ne kamar rediyon hannu, da maɓallai da ɗan allo. Ya ce, "Tunda shisha kika saba, wannan ne naki. Hayaƙi har ba za ki ga gabanki ba." Na ce abin da nake gudu ke nan, ya mayar. Na biyu irin wanda ake sha a yar ne, launi launi kamar alewar yara. Na tambaya ko ana rage masa ƙarfi, ya ce a'a, yadda ya zo haka yake. Na ture shi. Na uku ɗan siriri ne baƙi, bai fi tandun kwalli ba, a nan sahba ake ce masa. Ana caja, ana zuba masa ruwan da mutum ya zaɓa, mai nikotin da yawa ko kaɗan. Babu kyau, babu hayaƙin kirki. Na ce shi.

Da muka zo kan ruwan sai ya buɗe wata 'yar kwalba ya kawo mini hanci. Wanda ake kira tuffa biyu. Ƙamshin falonmu sak. Wallahi yawuna ya tsinke, kuma haushin kaina ya kama ni har na ji kamar in mare shi.

Na ce, "Rufe! Wanne ne ba ya tafiya a kasuwa? Wanda kowa ke zaginka a kansa?"

Ya yi dariya. "Da gaske kike?"

"Na yi kama da mai wasa?"

Ya laluba can ƙasa ya ɗauko wani mai ƙura, taba zalla, warinsa kamar buhun da ya ƙone. Ya ce, "Wannan ko direbobi ba sa so. Za ki dawo gobe ki nemi mangwaro." Na ce ya ba ni matsakaici, da wani mai ƙarancin ƙarfi don gaba. Ba daɗi na zo saya ba. So nake duk lokacin da na sa shi a baki ya tuna mini cewa abin ƙyama ne.

Mai kantin ya ce a ja shi kaɗan, ban saurara ba. A banɗaki na zuƙe shi irin zuƙar tada shisha, har cikin ciki. Na zube a kan tayil ina tari, duniya tana juyawa. Daga ranar na koyi hankali.

Mako uku ban taɓa tiyon shisha ba. Nakan gasa gawayi in ɗora, in miƙa wa Gwaggo haka, in ce maƙogwarona ke ciwo. Ta yi ta mita wai na zama malalaciya. Tarin asuba ya ɗan ragu. Sai Umma ta ɗauki abayata za ta wanke, ta ga abin a aljihu. Ba ta zo wajena ba. Ta kai wa Gwaggo, Gwaggo kuma ta adana shi har Alhamis, don ita ba ta faɗa sai da 'yan kallo.

Ina shigowa da tiren gahawa ta ɗaga shi sama da hannun dama. Tiyon shisha yana hannun hagu.

"Ku gani, ya jama'a! A garin Manzo! Kakanta ya tako ƙasa da ƙafa don ya mutu a garin nan, ga jikarsa tana shan sigari kamar direban tirela."

Wata ƙawarta 'yar Cadi ta furzar da hayaƙi ta ce, "Aib, ya binti, aib. Namu ai ruwa yana wanke shi."

Na ce, "Wane ruwa, Hajiya? Wanda nake zubarwa kullum, mai wari kamar na kwata? Ni ke wanke kwalbar, kar ki faɗa mini."

Gwaggo ta ce, "Ji bakinta! Wace 'yar iska ce ta koya miki?"

"Ke."

Ƙarar ruwan shishar ta fara mutuwa. Na ajiye tiren, na nuna musu tabon ƙuna a bayan hannuna. Na ce, "Wannan na shekarar farko ne. Ku duka kuna nan zaune. Wa ya ce yarinya ce, a bar ta?"

Umma ta ce, "Uskuti! Rufe bakinki, Gwaggonki ce fa."

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Ni na ce ki haɗiye? Cewa na yi ki ja."

Suka kwashe da dariya, har da tafa hannu. Gwaggo ta kai tiyon baki, ta ja, babu komai. Ta dube ni kamar ba a yi wata magana ba. "Yalla, tashi ki canza gawayin nan. Surutunki ya kashe mini wuta."

A nan na gane babu wadda ta ji ni, kuma babu wadda za ta ji. Na ɗauko awartakin na ɗora mata a cinya. Na zare sahbata daga hannunta, na fita.

Kar wata ta karanta wannan ta ruga kanti. Abin nan ba abokina ba ne. Shisha sai an gasa gawayi, shi kuwa yana aljihu, kuma na kama hannuna yana lalubensa tun kafin in yi alwalar asuba. Wannan ya tsorata ni fiye da bakin Gwaggo. Don haka na zazzage jakata na nemo takardar likita, duk ta yamutse, na kira wurin. Suka ce in zaɓi ranar da zan zo, na ce Alhamis bayan la'asar. Gobe ce Alhamis ɗin, zan zuba ruwan mai ƙarancin ƙarfi, in tafi musu da sahbar su gani, su faɗa mini ranar da zan yar da ita. Gawayi kuwa na gama taɓa shi. Duk mai son shisharta ta kama, ta ja da nata ƙirjin.