Tsarabar Gida Arba'in

An ce wai an naɗa Gafaru sarki a Indiya. Wai har giwa aka aiko masa, tana nan unguwar Small Heath ta Birmingham a bayan gida tana cinye shanyar matarsa Ajara, hukumar gari ta rasa tarar da za ta ci shi. Taubashinsa Moro na Manchester ne ya baza labarin, kun kuwa san Moro, in ya ga tururuwa raƙumi zai ce.

To, ba giwa, ba rawani. Gafaru dai shi ne wanda kuka sani, ɗan zangon Kumasi, mai soya kaji a wani gidan abinci a unguwar Sparkhill, mutumin da ko a sahun salla ƙafarsa ba ta daina rawa. Shekara da shekaru suna tsaye gaban kaskon mai ɗaya shi da Nuruddeen, wani Ba'indiye mutumin Gujarat. Ranar sunan Hikma, 'yar farin Gafaru, Nuruddeen ne ya dafa shinkafar taron. Bara ciwon ƙoda ya kayar da shi, ya ce a mai da shi ƙauyensu. Yanzu ko waya ba ya iya riƙewa.

Gafaru ya ce ba a dubiya ta waya. Sai dai ina ƙauyen? A taswirar waya sai da ya yi ta buɗa yatsu har suka gaji kafin ɗan ɗigo ya fito. Tun daga nan zama ya gagare shi. Da ya tashi daga aiki sai doguwar bas, sai Manchester, wurin wani ɗan wan Nuruddeen mai gyaran waya, yana tambayar hanya kamar mai neman aure.

Mutumin ya ce ƙauyen bai wuce gida arba'in ba, kafin shayi ya huce ka zagaye shi. In ka sauka daga jirgin sama sai jirgin ƙasa, sai bas guda da ke zuwa da safe, in ta ga dama. Daga inda ta tsaya sai keke mai ƙafa uku zuwa bakin rafi. Da damina ta sauka kuwa rafin ya haɗiye hanya, sai bayan watanni. Damina ta kusa, jikin Nuruddeen kuma ba na jiran rani ba ne.

Duk wannan bayani, abin da ya maƙale wa Gafaru shi ne gida arba'in. A zango ba a shiga unguwa a gai da gida ɗaya a wuce sauran. Ya bi shagunan Stratford Road yana kwasar sabulu, ganyen shayi, turare, safa, kowane gida da ƙullinsa. Falo ya cika har ba wurin shimfiɗa darduma.

"Baban Hikma," in ji Ajara, "dubiya za ka ko cin kasuwa?"

Shi kuwa yana bisa akwati yana danna shi da gwiwa.

Ranar tafiya Moro ya raka shi filin jirgin Manchester, yana tura kaya yana kirari.

"Ranka ya daɗe, sarkin garin da bai cika bas ɗaya ba! Ka bar Birmingham mai mutum kamar ƙasa, za ka inda akuya ta fi mutum yawa. In rafi ya rufe ka, mu naɗa wa Ajara wani?"

Gafaru ya karɓe akwatinsa.

"Mutum ɗaya zan je gani, ba ƙidaya aka aike ni ba. Kai da ke zaune cikin miliyoyin mutane, da aka kwantar da kai a asibiti wa ya zo in ba ni ba? Saki kayan, kada ka sa ni makara."