Alƙalin da Ya Tambayi Wa Ya Dasa Mangwaro

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1975, Allah ya karɓi ran Malam Jaji, tsohon alƙali a nan Gombe. Ni Matiyu Titus, malamin makaranta, ba danginsa ba ne, addininmu ma ba ɗaya ba. Amma ina da abin faɗa, kuma da alfahari zan faɗe shi.

Malam, ka san mu ne a kan filin gidanmu na Hammadu Kafi. Marigayi Malam Inuwa ne ya ba mahaifina wurin tun yana daji. Da gari ya buɗe, 'yan kwangila suka soma rububin filaye, kuma dattawan biyu sun riga mu gidan gaskiya, sai ɗansa Alhaji Rabe ya kai mahaifiyata Selina ƙara gabanka, wai aro ne, mu tashi. Hujjarsa ita ce damin dawar da take kai musu duk kaka. Ita kuwa ta ce zumunci ne. Ba mu da takarda ko ɗaya, ba mu kuma da wani wurin zuwa.

Ba ka yanke hukunci daga kan buzu ba. Ka tako har gidan, ka dubi mangwaron da ke tsakar gida, ka tambayi wa ya dasa shi, domin kowa ya san mai aro ba ya dasa itace a ƙasar wani. Ka sa aka kira Iya A'i, mahaifiyar Alhaji Rabe. Ta ce, "Allah gafarta Malam, mijina ne ya kawo dashen da hannunsa, ya ce Titus ya ci da jikokinsa." Ka tabbatar mana da gidan.

Ka ɗanɗana kuɗarka. An ce ka fifita bare a kan ɗan'uwanka Musulmi. Masu durƙusa maka jiya suka koma kau da kai, daga baya aka tura ka wani ƙauye mai nisa. Alhaji Rabe ya ɗaukaka ƙara zuwa Maiduguri, ya faɗi, ya wuce Legas. Duk shekarun nan rufinmu na yoyo, mahaifiyata ta hana a taɓa shi. Wa zai sa kwano a gidan da gobe za a kore shi?

A watan jiya Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncinka. Muka same ka kwance a Bolari, jiki ya yi nauyi. Na zaci za ka tambayi me manyan alƙalai suka ce a kanka. Sai ka dubi mahaifiyata ka ce, "To, Maman Matiyu, ba sauran hujja. A je a gyara rufin nan."

Mun gyara, Malam. Ruwan ƙarshe na bana ya sauka, ko ɗigo bai taɓa mahaifiyata ba, sai dai ba mu samu dawowa mun gaya maka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Hadijatu da 'ya'yanka. Ku ɗaga kai, ubanku bai bar muku abin kunya ba. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya ba ka gidan da babu mai tashin ka daga cikinsa. Amin.