Kifin Maga da Sunan Ɗan Fari

Bazara ce irin ta Garwa, wadda ruwan randa ma yake komawa kamar na shayi. Shekarar dai ta zo mana da sauƙi, babu ciwo a gida, ɗana na fari kuma ya samu aiki a gonakin shinkafa na Maga. Ran nan ya bugo waya ya ce ya sako mini kifi a mota, banda aka yi masa sama-sama, in hanzarta in karɓa a ajans, wato ofishin motocin a tasha, kafin zafi ya lalata shi.

Tun da na haifi yaron nan bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukina ya ci. "Wancan" nake ce masa, yana kuma amsawa.

Na bi layi da la'asar. Da na iso gaban tebur, mai ba da kaya ya ce, "Mama, wa ya aiko?"

Na riga na shirya zan faɗa a hankali, kamar mai haɗiyar kinin, maganin nan mai ɗaci. Sai na ji gyaran murya a bayana. Wan mijina ne, mahauci, ya zo aika fatu. Sunan ubansa zan ambata a gabansa!

Na rusuna. "Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ci gaba da abinki."

Na juyo, suna ya ce ɗauke ni inda kika ajiye. Wallahi ba ƙin faɗa na yi ba, nema na yi na rasa.

"Mama, sunan?"

"Wancan ne, na Maga."

"Ai Maga gari guda ne, Mama. In faɗa ne ba kya so, ga biro, rubuta."

Ni da malamarmu ta yaƙi da jahilci take yabon hannuna, na riƙe biro ina kallonsa kamar muciya. Zuciyata sai cewa take, wace irin uwa ce ke, yaro ya tuna ki da kifi, ke kin manta sunansa? Ina cikin wannan mai ba da kaya ya tambaye ni abin da ke cikin kwalin, na ce shinkafa.

Wata mai goyo a layi ta ce, "Alhaji, kai ka faɗa mata mana, rana na faɗuwa!"

Yaya ya gyara hula. "Sunan mahaifin nawa? A tasha?"

Mai ba da kaya ya karɓi wayata ya duba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago. "Mama, nan ma Wancan kika sa." Ya kira lambar, ba ta shiga ba. Haka aka rufe ajans da kifina a ciki.

A gida ina cuɗa tukunya, ba wanda ya tambaye ni komai, sunan ya dawo da kansa, har da na kakan kakansa.

Washegari na yi sammako. Na leƙa layin daga farko har ƙarshe, babu dangin miji ko ɗaya. Na ja mayafi na rufe baki na faɗa. Mai ba da kaya ya ce bai ji ba, na sake faɗa. Kwalin tun daga nesa yake gaishe ni da wari. Na kai shi gida na zauna a inuwa ina tsincewa, na samu wanda ya isa miyar rana.